Matattun Ɗakin Baya

A mako na shida da kafa dokar kulle, asibitin dabbobin da ke bayan tashar mota ya koma wari. Ba irin warin da aka saba ba, na magani da jikin akuya, wanda duk mai wannan sana'a yake daina ji tun yana makaranta. Wannan zarni ne tsagwaronsa, na fitsarin kyanwoyi goma sha tara da aka tara a ɗaki guda mai taga ɗaya. Kullum da safe in Ƙaramar Likita ta buɗe ƙofar gaba, zarnin ne ke fara yi mata sannu da zuwa ta cikin takunkumi biyu. Sai ta tsaya ta haɗiye abin da ya taso mata, sannan ta shiga. Kuma a takarda duk kyanwoyin nan matattu ne, da hannunta ta rubuta.

Ga yadda abin ya faro. Da annoba ta shigo gari, hukuma ta rufe kasuwa da makarantu, amma ta bar asibitin dabbobi a buɗe bisa sharaɗi biyu: mai dabba ba zai taka cikin gini ba, dabba kuma ba za ta kwana ba. Sai aka fito da tebur aka ajiye a bakin ƙofa, aka ɗaura igiya taku uku daga teburin. Ka zo da dabbarka, ka sa ta a kwando, ka koma bayan igiya ka ɗaga murya ka faɗi abin da ke damunta, kowa na ji. Likita ta ɗauka ta shiga ciki. Abin da aka yi a cikin kuwa, sai wanda aka fito aka gaya maka.

Mai asibitin kawunta ne, yayan mahaifiyarta, wanda ya koya mata riƙon sirinji tun kafin ta san hanyar jami'a. Shi ne Babban Likita, ita kuwa Ƙarama, ko da yake shekararta goma a bakin aiki da 'ya'yanta biyu. Ciwon suga ya zaunar da shi a gida tun ranar da cutar ta ɓulla, sai dai ya tafiyar da asibitin ta waya. Sauran ma'aikata an ce su zauna a gida. Ya rage daga ita sai Iya, dattijuwar da ke shara da wanke keji, wadda ta ce gara cutar ta same ta a bakin aiki da ta wuni jikoki na hawa mata kai.

Ana cikin haka wani ɗan iska, wanda har yau ba a san ko wane ne ba, ya naɗi muryarsa a waya. Ya ce shi babban likita ne a ƙasar waje, ya ce kyanwa ce ke yawo da cutar a gashinta daga gida zuwa gida. Daga jin muryar ka san mai ita ko sunan maganin zazzaɓi ba zai iya rubutawa ba, ga zakara na cara a bayansa. Amma ba a kwana biyu ba ta shiga kowace waya a garin. Mutanen da aka yi wata guda ana roƙonsu su wanke hannu suka yi kunnen uwar shegu, su ne suka haɗiye wannan a minti uku.

Na farkon da ya zo wani mai tabarau ne da mota mai sanyi. Ya ajiye ƙaton muzuru lafiyayye a kwando, ya koma bayan igiya, ya ce a yi masa allurar barcin da ba tashi. Ta ce ita ba ta kashe dabba mai lafiya. Ya ce to, ya ɗauki abinsa ya tafi, ko gardama bai yi ba. Washegari Iya na sharar bakin kwata ta ga buhu a ɗaure cikin ruwan, ƙudaje sun rufe shi. Ba sai an kwance ba, amma Iya ta kwance: muzurun jiya ne. Tun daga ranar Ƙaramar Likita ba ta sake ce wa kowa a'a ba.

Abin da take yi shi ne, ta karɓi kwando ta shiga, ta kwance abin wuyan kyanwar ta tsoma shi a ruwan magani, ta zauna minti goma tana kallon bango. Sannan ta fito ta ajiye abin wuyan a kan tebur ta ce, "An gama." Ba ta taɓa cewa ta kashe ba, da wannan take lallashin kanta. Mai kyanwa ya sa yatsa biyu ya ɗauka. Wata ta share hawaye, wani ya tambaya ko za a ƙone gawar da kyau. Ita kuwa gawar tana ɗakin baya, inda a da ake ajiye buhunan abincin kaji, tana lasar ƙafarta. A katin kyanwar kuma sai ta rubuta an yi, domin kowace yamma sai ta karanta wa Kawu katunan ranar a waya, shi kuwa ƙa'idarsa ɗaya ce shekara talatin: dabba ta mai ita ce, abin da ya ce shi za a yi.

Aikin ya zame musu jidali. Keji takwas ne kacal a asibitin, sauran sai a kwali da kifaffen kwando. Yashin da ake zuba musu ya ƙare, suka koma yayyaga tsofaffin jaridu. Muzurai biyu suka ƙulla gaba, suna wuni suna fesa wa juna fitsari ta tsakanin waya. Wata fara mai dogon gashi ta kamu da zawo, ta shafe kejinta har sama. Iya takan durƙusa da tsumma da bokiti tana mita.

"Ni dai na ga ta kaina. Na haifi takwas na yi musu tsarki, na ce na gama da kashi a duniya. Ashe na matattu na nan yana jirana."

"Yi haƙuri, Iya. Lada kike samu."

"Ladan ma ai sai ya yi wanka kafin a karɓe shi."

Ita Likita ba kashin ne ke tayar mata da zuciya ba, masu kyanwoyin ne. Ta san su ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai matar da ta taɓa kiranta tana kuka don kyanwarta ta yi atishawa sau biyu. Akwai mutumin da ya ce a riƙa rubuta sunan muzurunsa da manyan baƙaƙe. Duk wannan ƙaunar, saƙo ɗaya na wani maras aikin yi ya share ta. Har ta kai in ta hango mutum da kwando ya doso igiya, sai ta ji ƙyanƙyaminsa tun kafin ya buɗe baki.

Ranar Litinin asiri ya tonu. Kawu ya kira da safe, irin kiran da ake ganin juna, ta jingina wayar da kwalbar magani tana haɗa allurar wani rago. Iya ta buɗe ɗakin baya da bokiti a hannu. Sai ga wata kyanwa mai ruwan toka, mai ƙafa uku, ta sulale ta gefenta, ta yi tsalle ɗaya ta haye tebur, ta zo ta ɗora hanci a kan wayar.

Kawu ya gyara zaman tabarau.

"Wannan ba Gurguwar tela ba ce?"

"Kawu, ai kyanwoyi suna kama."

"Ke! Ni na yanke ƙafar nan da hannuna, shekara biyar ke nan, da babur ya taka ta. Ɗinkina ne zan kasa ganewa? Ba ke kika karanta min katinta mako uku da suka wuce ba, kika ce an yi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Su nawa ne?"

"Goma sha tara."

Ya yi salati, ya cire hula ya mayar. Bai yi mata ihu ba, da ma ya yi da ta fi jin daɗi.

"'Yar nan, kin san abin da kika ɗebo mana? Duba-gari za su zo ranar Juma'a da safe, jiya suka kira ni. In suka buɗe ɗakin nan suka ga dabba ta kwana, sun rufe asibitin har annoba ta wuce. In suka haɗa da katunan da kika cika da ƙarya, takardar aikinki ce za ta tafi. To mai saniyar da haihuwa ta zo mata da gardama, ina zai je? Na ba ki zuwa yammacin Alhamis. Ki kira masu su, wanda ya karɓa ya karɓa. Wadda ta rage, ki cika mata abin da kika rubuta. In ba za ki iya ba, ni zan sa takunkumi in zo da sugana in yi."

Ta san zai zo, don Kawu ba ya faɗin magana biyu.

Sakin su a titi ba mafita ba ce, allurar ma ta fi sauƙi, domin a makonnin nan kan kifi mai guba ake ajiyewa a bakin lunguna. Gidanta ɗaki biyu ne na haya, mai gidan kuma ya riga ya yi shelar ba ya son ganin ko gashin kyanwa. Duk da haka ta ɓoye biyu a jaka ta kai, ta ja wa yara kunne. Iya ta ɗauki uku, ta ce duk jikan da ya yi magana a bakin abincinsa. Saura goma sha huɗu.

Abin da ya ba ta ƙarfin gwiwa, a makon ne manyan likitoci suka fito a rediyo suka ce zancen kyanwa ƙarya ne. Ta ɗauka mutanen suna can suna cizon yatsa, jira kawai suke a ce musu ga abinsu. Sai ta zauna da katuna da waya.

Na farko ya ce ba shi ba ne, alhali ta san muryarsa kamar ta ɗan uwanta. Na biyu ya ce sun riga sun sayi aku. Wata ta ce, "Wato duk kukan da na yi na banza ne? Kwana uku ban ci abinci ba, ke kina can kina yi min dariya!" ta kashe waya. Wani ma'aikacin banki ya ce yaransa sun riga sun haƙura, in kyanwa ta dawo daga lahira me zai ce musu? Ya ƙara da cewa shi mutum ne mai tarbiyya, ba ya so yaransa su san yana ƙarya. Duk kiran da ta gama sai ta ji kamar ta wanke kunnenta da sabulu.

Matar mai otal ce kaɗai ta fasa kuka a waya ta ce ga ta nan zuwa. A nan ne Likita ta gane wautar da ta tafka. Ta mayar wa kowa abin wuyan kyanwarsa, kuma ba ta rubuta komai a jikin keji ba don kada ta bar shaida. Katin matar cewa ya yi mace, ruwan toka, shekara biyu. Masu ruwan toka kuwa, in an cire Gurguwa, biyar ne a ɗakin, ba wadda ta zo da takardar haihuwa. Dole suka kwaso su duka suka jera a kan tebur, mai abu ta zaɓi abinta.

Matar ta iso cikin turare, da takunkumi mai ƙyalƙyali. Tana yin sallama, wata siririya daga cikin biyar ɗin ta miƙe, ta manna fuska a jikin waya tana kuka tana miƙo hannu. Ko makaho ya ji kukan ya san ta ga uwar ɗakinta. Matar ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ta wuce siririyar kamar ba ta gan ta ba. Daidai lokacin Iya ta fito da farar nan mai dogon gashi, an yi mata wanka za a sa ta a rana.

"Ga ta can! Wayyo 'yata!"

"Hajiya, katinki ruwan toka ya ce."

"Ai wahalar da kuka ba ta ce ta sa ta koɗe."

Iya ta ce ta cikin takunkumi, "Koɗewa har da tsiro da gashi, ikon Allah."

Likita ta dubi matar, ta dubi siririyar da ke neman fasa keji. Bakinta ya cika da maganar da in ta faɗa ba za a sake gaisawa ba har abada. Ta haɗiye, ta sa farar a kwando ta tura. Rai ɗaya ya kuɓuta, ba ruwanta da hannun da ya faɗa. Siririyar kuwa ta yi ta kuka har aka tashi aiki.

Kafin la'asar labari ya bazu cewa ana rabon kyanwoyin ƙasar waje kyauta a bayan tasha. Mutanen da ba su taɓa kawo ko ɓera asibitin ba suka zo suna rantsuwa tasu ce, kowa na nuna wadda ta fi sheƙi. Ta ba su, ba ta tambayi kowa kati ba. Bakwai suka tafi a haka. Ranar Laraba wani mai gidan burodi ya zo, shi kaɗai ne bai yi ƙarya ba. Ya ce shi ba ƙaunarsu yake ba, ɓeraye ne suka cinye masa fulawa, a ba shi munanan da kowa ya ƙi. Ya kwashi biyar, har da siririyar. Gurguwa kaɗai ya bari, ya ce ɓerayensa za su raina shi.

Wannan bai dame ta ba, don ita Gurguwa tana da mai ita. Ba tela ne ya kawo ta ba, ɗansa ne, lokacin da tsohon ke kwance a inda ake killace masu cutar. Likita ta san telan shekara da shekaru. Duk shekara yakan kawo ta rigakafi a cikin wata jaka da ya ɗinka mata da kansa, har da 'yar taga ta raga. Ranar da aka yanke mata ƙafa a tsaye ya wuni a bakin ƙofa, ya ƙi zama. A duk garin nan shi ne mutum ɗaya da take ganin za ta iya kallon fuskarsa ba tare da zuciyarta ta tashi ba. Tun Litinin take kiran lambarsa wayar a kashe, sai ranar Alhamis da safe ya ɗauka.

"Baba, Ƙaramar Likita ce. Gurguwa tana nan da ranta. Ban yi mata komai ba."

Ba ta ji komai ba sai numfashi mai ƙara, ya daɗe. Can ya ce, "Zan zo bayan la'asar." Ta ɗauka murna ce ta shaƙe shi. Ta samo buroshi ta taje Gurguwa, ta goge mata ido, Iya na tsokanarta wai saura kwalli.

Da la'asar ta yi akwai mutum uku a bayan igiya: wani da rago mai tari, wani da kaji a kwali, da wata matashiya riƙe da kwando a ƙirji. Wata tsohuwar mota ta tsaya a tsallaken titi. Ɗan telan ne ke tuƙi, mutum ɗan shekara talatin da wani abu, da gemunsa. Ya buɗe wa ubansa ƙofa, shi kuwa ya jingina da motar ya kafa wa ƙasa ido. Tsohon ya tsallako a hankali, rigar da ya ɗinka wa kansa tana reto a jikinsa kamar ta aro. Masu layi suka ba shi hanya.

Likita ta fito da kwandon ta ajiye a kan tebur. Gurguwa ta ɗaga hanci, ta shinshina, sai ta fasa wani kuka da ba a taɓa jin ta yi ba a mako uku. Ta miƙe tana kartar murfin da ƙafarta ɗaya ta gaba. Tsohon bai dube ta ba. Ya kama igiya da hannu biyu.

"Baba, sannu da jiki. Ga 'yarka nan."

"Yawwa, 'yata. Matso kusa, ba ni da murya."

Ta zagayo tebur ta tsaya dab da igiyar, abin da doka ta hana.

"Kin ji uwargidana ta rasu?"

Ba ta ji ba. Ta yi salati, ta yi masa ta'aziyya, ya amsa da kai.

"Kwana huɗu da kwantar da mu. Gado biyu ne tsakanina da ita. Ban ga inda aka sa ta ba." Ya huta. "Ni na ce wa yaron ya kawo miki kyanwar nan. Daga gadon asibiti na ba da umarnin."

Ta ji kamar an watsa mata ruwan bokitin Iya. Har shi? Har wannan?

"Haba Baba! Ai zancen nan ƙarya ne. Ba ka ji rediyo ba?"

"Na fi ki jin rediyo, aikina ke nan yanzu. Kuma tun kafin rediyo na san ƙarya ne. Shekara tara tana kwana a ƙafata, ko mura ba ta taɓa ba ni ba."

"To me ya sa?"

Ya ƙara rage murya, har sai da ta kara kunne.

"Ni da uwarsa, tun da aka kafa dokar nan ba mu taka bakin ƙofa ba. Mutum ɗaya ne ke shiga da fita a gidan. Abokansa suka haɗa kallon ƙwallo a wani gida, suka kulle ƙofa, su kusan talatin. Uwarsa ta hana shi, ta riƙe masa riga, ya yi dariya ya ce tsoro ya yi mata yawa. Ya dawo da tari, kwana biyu ya warke. Mu kuma muka kwanta." Ya nuna tsallaken titi da haɓa. "Dube shi. Ba ya ci, ba ya barci. Abin da ya riƙe shi kawai shi ne an ce kyanwa ce. Ranar da rediyo ta yi magana ya daina kallon idona. Da kika kira da safe yana kusa, ya ji, ya fita bayan gida ya yi ta amai. Shi kaɗai gare ni, 'yata. Na binne ɗaya ban gani ba, ba zan iya na biyu ba."

"Me kake so in yi, Baba?"

"Ke likita ce, ga farar riga. Ki ɗaga murya ki ce ita ce, ya ji daga bakinki. Ita kuma ki yi yadda kika ga dama da ita, amma gidana ba za ta koma ba. In yana ganinta tana yawo a tsakar gida lafiya lau, kullum sai ya tuna wane ne."

Ta tsaya tana kallonsa. Makonni tana kwasar kashi saboda ƙaryar nan. Ta zagi wanda ya ƙirƙire ta, ta zagi waɗanda suka yarda da ita, ta ɗauki kanta ta fi su. Yanzu ga ƙaryar an miƙo mata a hannu an ce ta lasa a gaban jama'a. Ta ji ƙyanƙyamin tsohon da ya san gaskiya ya aika a kashe abin da ya yarda da shi. Ta ji ƙyanƙyamin ƙaton da ya sayar da uwarsa a kan ƙwallo, yanzu yana neman laɓewa a bayan kyanwa mai ƙafa uku. Ta so ta ce a'a, ta so ta ce ya je ya ji da abin da ya yi.

Sai ta ɗaga kai ta dube shi sosai. Wuyan rigarsa ya yi masa faɗi, ƙasusuwan kafaɗa sun fito. Yana murza makullin mota a tafin hannunsa har jini ya fito, bai sani ba. Ta taɓa ganin irin idon nan a dabbobin da suka daina cin abinci, kuma ta san inda abin ke ƙarewa.

"Malam!" ta kira shi.

Ya ɗago.

"Kada ka biye wa rediyo, ba komai suke gaya wa jama'a ba. Mun auna ta. Akwai cutar a jikinta. Ita ce ta kai muku."

Maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya, har tsallaken titi. Mutumin ya sulale a jikin mota ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu, ya fashe da kuka irin na wanda aka sauke wa kaya. Tsohon ya saki igiya.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ya juya ya tafi, bai waiwayi kwandon ba ko sau ɗaya. Ya ɗaga ɗansa, suka shiga mota. Gurguwa ta yi ta kuka har ƙarar motar ta ɓace, sannan ta kwanta ta ɗora haɓa a kan ƙafarta.

Likita ta ji bakinta na ɗaci, ta so ta cire takunkumi ta tofar. Ta juya za ta ɗauki kwandon, sai ta ga Iya tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya, ba ita take kallo ba, layi take kallo.

Mai rago ya saki igiyar ragonsa, ya kara waya a baki, yana magana da ɗoki. "Jama'a, yanzu-yanzu a gabana, likitar dabbobi ce ta faɗa da bakinta, ba wani ya gaya min ba. Ta ce an auna an gani. Ku tura wa 'yan uwa."

"Malam, tsaya! Ba haka ba ne, tsaya in yi maka bayani!"

Ya riga ya tura.

Matashiyar nan da ta zo rungume da kwandonta a ƙirji, yanzu ta nesanta shi da jikinta iya tsawon hannu. Ta tako a hankali ta ajiye shi a kan tebur kusa da na Gurguwa. Wata 'yar baƙar kyanwa ta leƙo ta tsakanin saƙar, da ɗan ƙyalle ɗaure a kunnenta. Matar ta koma bayan igiya tana goge hannu a jikin zaninta.

"Likita, da ciwon kunne na kawo ta. Ni wallahi ban taɓa yarda da zancen nan ba, har faɗa na yi da mijina a kai. Amma tun da ke kika faɗa, ina da jariri a gida. A yi mata kawai."